Jan Wuya da Na'ura da Wuyan Mutanen Kunci



Duk wanda ya ji an ce "jan wuya" a ƙasar nan, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne manyan hafsoshin soja masu jan ƙyalle a wuyan riga. To, namu jan wuyan ba na launi ba ne, ja ne irin wanda ake yi wa guga. Wata hanya ce ta jiyya da ake bi a sashen gashin ƙashi na manyan asibitoci, inda ake ɗaura wa majiyyaci wata 'yar ragama ta ƙyalle, a haɗa ta da igiya, sa'an nan na'ura ko wani nauyi da aka auna ya riƙa jan kansa a hankali domin wuyan ya miƙe. Mun ga ya dace a kawo wannan magana gabanku ne saboda yawancinmu 'ya'yan karkara ne, iyayenmu na can suna fama da ciwon wuya, mu kuwa da muka yi boko mu ake tambaya ina za a kai su. Har wa yau, a cikin wannan ɗaki akwai waɗanda nan da 'yan shekaru su ne za su sa hannu a takardun sayen kayan asibiti.

Bari mu ɗauki ƙasar Kunci ta zama abin misalinmu. Ƙaramar hukuma ce a arewacin Jihar Kano, maƙwabciyar Bici da Tsanyawa, ba ta da nisa da ƙasar Kazaure, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum dubu 111 da 'yan kai. Ƙasa ce ta gona kusa da gona, gero da dawa da gyaɗa da wake, da wuya ka ga fili ya kwana banza. A irin wannan ƙasa, abin da jaki da amalanke ba su ɗauka ba, kai ne ke ɗaukarsa. Magidanci ya ɗora damin gero ko na kara daga gona zuwa gida. Yarinya ta ɗauki farantin talla tun da hantsi har la'asar. Bafillatana ta jera ƙoren nono ta nufi kasuwar Shuwaki. Dattijuwar da ta wuce kulle ta ɗebo itace da ruwa. Saurayi kuwa in rani ya yi ya tafi cin rani, sau da yawa dako ne zai samu a Dawanau ko wata kasuwar birni, inda buhu ke hawa kansa da ƙeyarsa. Wuyan da ya yi wannan aiki shekara talatin, lalle wata rana zai yi magana, jiki magayi.

Shi wuya ƙasusuwa 7 ne Allah ya jera ɗaya bisa ɗaya, suna ɗauke da kai wanda nauyinsa ya kai kilo 5 ko kusa da haka. Tsakanin yawancin ƙasusuwan nan akwai wani faifai mai taushi na guringuntsi, wanda babu abin da ya fi kama da shi irin gammo, don aikinsu ɗaya ne: tare nauyi kada ƙashi ya ci ƙashi. Ta tsakiyar jerin laka ta bi ta sauka baya, kuma daga lakar nan jijiyoyi 8 ke fita ta kowane gefe, ta waɗansu ƙananan kafofi, waɗansunsu su nufi kafaɗa da hannu har yatsu. Idan shekaru suka tura, gammon nan yakan bushe ya lotse, ƙashi ya tsiro da 'yan ƙayoyi a gefensa, kafar da jijiya ke bi ta tsuke. Wani lokaci kuma gammon ne ke tsagewa, cikinsa ya bullo ya danne jijiyar. A nan ne za ka ji mutum yana cewa ciwon ya tashi daga wuya yana harbawa har yatsu, ko hannun ya sage, ko yana jin kamar tururuwa na yawo a ciki. Wurin da abin ya fi aukuwa shi ne tsakanin ƙashi na 5 da na 6, da kuma tsakanin na 6 da na 7. Amma fa a lura: mafi yawan ciwon wuyan da mutane ke kuka da shi bai kai ga jijiya ba, na tsoka ne da gaɓoɓi, kuma dattawa da yawa in an ɗauki hoton wuyansu za a ga ƙashi ya zaizaye alhali ba sa jin kome. Saboda haka hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Masana sun daɗe suna sha'awar yadda mutanen Afirka ke ɗaukar kaya a ka. A 1986 Maloiy da abokan aikinsa sun auna matan Luo da Kikuyu na ƙasar Kenya, suka ce mace takan ɗauki kayan da ya kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinta ba tare da ta ƙara kashe wani ƙarfi ba. Wannan labari ya yi wa Turawa daɗi ƙwarai, aka yi ta yaɗa shi. Da aka sake gwadawa da matan Xhosa a Afirka ta Kudu, aka buga sakamakon a 2010, ba a sami wannan ɗauka ta kyauta ba ga yawancinsu, abin da matan suka fi ambata kuwa shi ne ciwon wuya. Tun kafin wannan ma, a 1968, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Laurence Levy, a ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu, ya rubuta labarin 'yan dakon da wuyansu ya karye ko ya goce a ƙarƙashin manyan buhuna. Mu a nan gida ma muna da maƙwabta da suka ƙi wannan al'ada: matan Gwari a kafaɗa suke ɗaukar kayansu, muna ta yi musu ba'a shekara da shekaru, ba mu taɓa tsayawa mun tambayi wuyan wa ya fi lafiya ba.

Dabarar jan ƙashin baya kuwa tsohuwa ce ainun. Tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, likitan Yunanawa Abukurata, wanda Turawa ke kira Hippocrates, ya bayyana wani benci da ake ɗaure majiyyaci a kai ana jansa da igiyoyi. Likitocin Musulunci sun gaji wannan ilmi suka gyara shi. Azzahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin gyaran gocewar ƙashin baya ta hanyar ja a cikin littafinsa Attasrif, haka nan Ibn Sina a cikin Alƙanun. Ragamar da ake sa wa kai har yau ana jingina ta ga Francis Glisson, likitan Ingila na ƙarni na 17. A tsakiyar ƙarni na 20 wani likita a asibitin St Thomas na Landan, James Cyriax, ya ɗaukaka sha'anin ja ƙwarai, har ya zama da wuya ka shiga sashen gashi ba ka tarar da kujerar jan wuya ba. Aikin gashin ƙashi na zamani ya shigo Nijeriya a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin a 1966, mu kuwa a nan Kano asibitin ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, shi ne gidan wannan aiki, yanzu kuma Jami'ar Bayero na yaye ma'aikatansa.

Ga yadda ake yi. Majiyyaci yakan zauna ko ya kwanta rigingine, kwanciyar ta fi, domin tsokoki sun fi sakewa. Sai a ɗan sunkuyar da kai gaba, kamar digiri 20 zuwa 25, gama a wannan tsayuwa ce kafofin jijiyoyi suka fi buɗewa. Sa'an nan a kunna na'ura. Wata takan ja ta riƙe har ƙarshen zama, wata kuwa takan ja 'yan daƙiƙoƙi ta saki, ta sake ja, haka har minti 15 ko 20. Abin da ake fata shi ne ƙasusuwan su ɗan rabu, milimita ɗaya ko biyu, jijiyar da ke matse ta sami sarari, tsokar da ta ɗaure ta saki. Awon da aka yi da hoton ƙashi ya tabbatar da cewa suna rabuwa ɗin, amma ya kuma nuna cewa ba a daɗe da cire ragama sai su koma mazauninsu. Watau na'ura ba ta mayar da gammon da ya lotse sabo, ba ta kuma kankare ƙayar da ƙashi ya tsiro. Game da yawan nauyin da za a ja da shi, muna da aikin gida: Akinbo da abokansa a Ikko sun gwada kashi 7.5 da kashi 10 da kashi 15 cikin ɗari na nauyin majiyyaci, suka buga a 2006 cewa kashi 10 ya fi dacewa, shi ne ke ba da sauƙi ba tare da yawan illa ba.

To, yana magani? A nan ne ya kamata mu zauna sosai, domin gani na'ura mai fitilu da maɓallai yakan sa mutum ya daina tambaya. A 1966 likitocin Ingila sun tara majiyyata 493 masu ciwon wuya da hannu daga asibitoci da dama, suka kasa su: waɗansu aka ja wuyansu, waɗansu aka kwantar da su yadda ake yi amma ba a ja ba, waɗansu aka sa musu abin ɗaure wuya, waɗansu kuwa aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Bayan mako 4, wajen kashi uku cikin huɗu sun sami sauƙi, kuma waɗanda aka ja ba su tsere wa waɗanda aka kwantar kawai ba. Ma'anar wannan ita ce yawancin irin wannan ciwo yakan lafa da kansa, sai abin da aka yi a ƙarshe ya kwashe yabon, ko na'ura ce, ko ƙahon wanzami, ko man zafi. Shekara 42 bayan haka, a 2008, ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitoci, ta tattara gwaje-gwaje 7 da suka ƙunshi mutum 958. Guda ɗaya tak ta samu mai inganci sosai, na mutum 100, shi kuwa bai ga bambanci tsakanin ja na gaske da na gangan ba. Hukuncinta shi ne babu hujjar da ta isa a ce yana aiki, babu kuma wadda ta isa a ce ba ya yi.

Ba nan maganar ta tsaya ba. A 2014 Julie Fritz da abokan aikinta a Jami'ar Utah ta Amurka sun ɗauki mutum 86, dukkansu masu alamar jijiya ta matse, ba masu ciwon wuya barkatai ba. Kowa aka koya masa motsa wuya da kafaɗa, waɗansu aka ƙara musu jan na'ura, waɗansu aka ba su irin wanda ake ratayawa a ƙofa. Bayan wata 6 da wata 12, waɗanda aka haɗa wa motsa jiki da na'ura sun fi waɗanda suka yi motsa jiki kaɗai samun sauƙi. Amma wani gwaji na 2009, na mutum 81 masu irin wannan ciwo, bai ga ƙarin amfani ba. A namu ganin, abin da mai adalci zai ɗauka shi ne: jan wuya na iya taimakon wani rukuni ƙarami, watau wanda ciwonsa ke harbawa hannu saboda jijiya ta matse, kuma a matsayin ɗan rakiyar motsa jiki, ba a matsayin uban tafiya ba. Mai ciwon wuya na gajiya da tsoka, irin namu na masu sunkuya wa littafi da waya dare da rana, ba shi da wata hujja mai ƙarfi ta neman na'ura.

Yanzu mu koma Kunci da alli da allo. A ce dattijuwa ce mai nauyin kilo 55. Bisa awon Ikko, za a ja wuyanta da kilo 5 da rabi, na minti 15. Jarkar da take ɗauka daga rijiya lita 25 ce, watau kilo 25 ke nan ban da nauyin jarkar, kusan rabin nauyin jikinta, kuma ya ninka abin da masanan Kenya suka ce ana ɗauka kyauta fiye da sau biyu. Wannan nauyi yana danna wuyan ƙasa kullum, sawu biyu ko uku, na'ura kuwa tana ɗaga shi sama rubu'in awa. A gwajin Utah zama 10 aka yi cikin mako 4. Ku lissafa kuɗin mota sau 10 zuwa da dawowa daga Kunci zuwa Dala, na mutum biyu, don ba za ta zo ita kaɗai ba, ku haɗa da kuɗin kati da abinci da yinin aikin da aka rasa, in kuwa damina ce ku haɗa da noman da ya tsaya. Magidancin da zai iya wannan a ƙauye, ai da kuɗin ya fi masa sauƙi ya sayi baro ko ya yi haɗin gwiwa da maƙwabta a sayi kurar ruwa, kayan ya sauka daga kan tsohuwa baki ɗaya.

Akwai abin da ya fi asarar kuɗi muni. Ba kowane wuya ake ja ba, wani in an ja shi an gama da mai shi. Mu mutanen Arewa mun san sanƙarau. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da dubu 100 a ƙasar nan, ta kashe fiye da dubu 11, Kano na cikin inda ta fi ɓarna. Wuyan da ya sanƙare tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, musamman lokacin zafin bazara, ba na gashi ba ne, ba na tausa ba ne, na gaggawa ne, a kai asibiti a ranar. Haka tibi: ba huhu kaɗai take ci ba, takan ci ƙashin baya har da na wuya, ta mayar da shi kamar itacen da gara ta shiga. Wanda ke ramewa, yana zufar dare, ciwon wuyan ba ya barinsa barci, a bincika shi kafin a taɓa shi. Mai ciwon daji da ya kai ƙashi, da mai amosanin gaɓɓai irin wanda ke sassauta ɗaurin ƙashi na 1 da na 2, da tsohon da ƙashinsa ya yi rauni, da mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba, duk ba a yi musu. In kuwa lakar ce kanta ta matse, alamarta ita ce ƙafafu su yi nauyi, tafiya ta zama tangaɗi, yatsu su kasa ɓalla maɓallin riga, fitsari ya ƙi riƙuwa. Wannan aikin likitan tiyata ne.

Sai kuma wanda ya faɗo daga bishiya, ko amalanke, ko hatsarin babur ya rutsa da shi a hanyar Bici. Gaskiya ne a asibiti akan ja wuyan da ya karye, amma wannan wani sha'ani ne dabam: ƙarfe ne ake kafawa a ƙoƙon kai, irin wanda Crutchfield ya fito da shi a 1933, a rataya nauyi kaɗan kaɗan ana duba hoto. Masu ɗorinmu na gargajiya sun gaji sana'a, sun kuma taimaki jama'a a inda babu likita, ba mu raina su ba. Amma ɗorin hannu da ƙafa dabam, wuya dabam, domin a wuya laka na tsakiya, goce ɗaya ya isa mutum ya shanye daga kafaɗa har ƙasa. Wanda ya ji rauni a wuya, a kwantar da shi a kan abu mai ƙarfi kamar ƙyaure, a tare kansa ta gefe biyu kada ya juya, a ɗauke shi gaba ɗaya. Kada a zaunar da shi, kada a ja shi don a "mayar" da ƙashi. Ko murɗa wuyan nan da waɗansu masu aski ke yi wa mutum bayan sun gama, ya ji ƙas ya ce ya wartsake, ba wasa ba ne: akwai jijiyoyin jini biyu da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya suna kai jini ƙwaƙwalwa, murɗa mai ƙarfi takan iya tsaga su, ko da yake ba kasafai ba.

Wannan ne ya sa hankalinmu bai kwanta da kayan jan wuya na gida da ake talla a intanet da shagunan kayan asibiti ba, na ratayawa a ƙofa mai jakar ruwa, da na hurawa da iska kamar tayar keke. Ɗalibi ya karɓi alawus, ko sabon ma'aikaci ya ɗauki albashin fari, tausayin mahaifiya ya kama shi, ya saya ya aika gida. Niyya ta yi kyau. Amma wa ya duba ta? Wa zai auna ruwan jakar? Ragamar haɓa takan matsa muƙamuƙi, balle ga wadda haƙoranta suka zube, kuma wani in an ja shi jiri ke ɗibarsa, ko ciwon hannun ya ƙaru, alamar a tsaya ke nan nan take. Mutumin ƙauye kuwa ya saba da cewa magani sai ya yi zafi yake aiki, sai ya daure ya ƙara ruwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ya ku ma'aikatan gobe, fayil zai zo teburinku ɗauke da sunan na'urar jan wuya mai kwamfuta, ɗan kwangila na tsaye yana murmushi. Ba mu ce ku ƙi ba, babban asibiti yana bukatarta. Amma ku tambaya: akwai ma'aikacin gashi mai rajista a wurin da za a kai ta? Akwai wutar da za ta riƙe ta minti 20 ba ɗaukewa? In ta lalace wa zai gyara? Kowa a nan ya taɓa ganin kayan aiki masu tsada a lulluɓe da ƙura a kusurwar wani ɗaki. Igiya da ragama da duwatsun awo, a hannun wanda ya san aiki, suna yin jan da ake bukata ba da wuta ba. Shi kuma ma'aikacin, in an kai shi asibitin ƙaramar hukuma ko da ranar kasuwa ce kaɗai, zai tace masu zuwa: wannan a koya masa motsa wuya da ƙarfafa kafaɗa ya koma gida, wannan a rage masa kaya a raba jarka biyu, wannan a ja, wannan kuwa a sa shi a mota zuwa Dala ko asibitin Malam Aminu Kano yau ɗin nan. Waɗanda za su tafi ma'aikatar ruwa da ta ayyuka kuma, kada su ɗauka maganar ba ta shafe su ba. Rijiyar burtsatse da aka haƙa a tsakiyar unguwa maimakon bayan gari, da hanyar da aka gyara har amalanke ya iya kaiwa bakin gona, suna rage awoyin da kaya ke yi a kan mutane, kuma a takardar kasafi ba a ƙarƙashin lafiya ake rubuta su ba.

Shugaba, mun ga an miƙo mana takardar lokaci. Akwai malaman sashen gashin ƙashi a sahun gaba, muna roƙon tambayoyin da suka shafi ciwon wani mutum takamaimai a miƙa musu bayan an tashi, sauran kuwa muna saurare.